Baba Mai Tuta Bai Waiwaya Ba

Tarago na goma sha ɗaya ne ke wucewa a ƙarƙashin gadar lokacin da buhu na farko ya faɗo. Ya daki duwatsun gefen layin dogo ya fashe, sukari ya watsu a kan ƙanƙarar da ta kwana a ƙasa. Wani ya biyo shi, wani ma ya biyo. Can a kwanar da jirgin kaya yake rage gudu, mutum biyu sun maƙale a jikin wani tarago suna tunkuɗo buhuna, uku kuma a ƙasa suna ja zuwa bayan katanga. Duk sun naɗe fuskokinsu.

"Bakwai, huɗu, sifiri, tara," in ji Baba Mai Tuta, idonsa na manne da kyamara. "Rubuta, Rediyo."

Na rubuta. Aikina ke nan duk ranar da ba na zuwa shagon guga. Shi ya ɗauki hoto ya faɗi lambar tarago, ni in sa a ɗan littafinsa, don in sanyi ya yi tsanani yatsunsa ba sa riƙe biro. A aji huɗu na bar makaranta, amma lamba ba ta ba ni wahala. Sunan Rediyo kuma shi ya sa min, wai shekara shida ɗakinmu na kallon nasa, bai taɓa jin na haɗa magana uku a jere ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tsaron wurin da titi ya ƙetare layin dogo, da tuta ja da kore a hannu. A aikin nan akwai doka: ba ka ɗauke ido daga jirgi sai ka ga jar fitilar da ke bayan tarago na ƙarshe, don ita ce shaidar jirgin ya wuce cikakke, bai yar da wani tarago a hanya ba. Ya bar aiki, an sa ƙarfe mai sauka da kansa a madadinsa, amma dokar ba ta bar jikinsa ba. Ko tari ya taso masa, sai fitila ta wuce yake yi.

Ɗaya daga cikin na ƙasa ya ɗago kai, ya nuna mu da hannu. Mutum biyu suka saki buhu suka nufo matakalar gada da gudu.

Na ja hannun kwat ɗinsa, tsohon kwat ɗin aikinsa mai maɓallan ƙarfe.

"Baba, sata suke yi."

"Ban ga kowa ba. Ni ƙarfe nake ɗauka, ba na ɗaukar mutane. Biyu, biyu, takwas, ɗaya."

"Suna hawowa."

"To su hau mana, gadar ta kowa ce. Rubuta."

Matakalar ƙarfe ce, ina jin takunsu a tafin ƙafata. Na farko gajere ne mai kauri, yana riƙe da ƙaton almakashin da suke datse wayar ƙofar tarago. Duk unguwa an san shi, da sunan kayan aikinsa ake kiransa. Na bayansa dogo ne, ya rufe fuska da ƙyalle har ƙarƙashin ido. Ban buƙaci ganin fuskar ba. Aljihun jaket ɗinsa na hagu ni na ɗinke shi da baƙin zare, ranar da shuɗi ya ƙare mana. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

"Tsoho, kawo abin nan," in ji Almakashi.

"Dakata, ɗana. Saura kaɗan."

Bai waiwaya ba.

Almakashi ya ɗaga ƙarfen da hannu biyu ya sauke masa a gadon baya. Ƙarar ta yi kamar an daki katifa. Baba ya kifa a kan ƙarfen gada, hularsa ta zamo ta rufe masa ido, ya zube a gwiwa. Igiyar kyamarar tana wuyansa, ya kuma naɗe ta a hannu kamar kullum don kada ta faɗa ƙasa. Yaya ya kama kyamarar ya fizga, igiyar ta shaƙe tsohon, ya ja shi a ƙasa har bakin matakala. Baba bai saki ba. Yaya ya taka masa hannu da takalmi, ya murza. Na ji yatsun sun ce ƙas. Almakashi ya datse igiyar, ya cilla kyamarar ƙarƙashin ƙafafun jirgi. Da a nan suka tsaya, da ya tashi. Amma Baba ya laluba da ɗaya hannun ya kama ƙafar wandon Yaya, shi kuma ya sa masa ƙafa a haƙarƙari, sau biyu, na biyun da dukkan ƙarfinsa. Matakalar duk ƙanƙara ce. Baba ya gangara, kansa yana bugun kowane taki har ƙasa.

Almakashi ya juyo kaina. Ya damƙi wuyan rigata ya haɗa ni da ƙarfen gada, har na ga taragun suna gudu a ƙarƙashin kaina.

"Wannan fa?"

"Ƙyale ta," in ji Yaya, ya shaƙe muryarsa. "Bebiya ce, na san ta. Ba ta magana."

Duk da haka sai da Almakashi ya mare ni da bayan hannu kafin ya sake ni. Suka sauka ta ɗaya ɓangaren.

Na sami Baba a kife, jini na bin tsagin siminti yana tururi saboda sanyi. Na juya shi, na cire ɗankwalina na danne masa goshi. Jirgin ya gama wucewa, wurin ya yi tsit. Ya buɗe ido ɗaya.

"Fitilar ta wuce?"

"Ta wuce, Baba."

Ban ma duba ba.

Mai facin taya ne ya fara zuwa, sai matar da ke sayar da burodi a bakin hanya, sai wasu. Ana ta wa zai nemo mota, sai ga Yaya ya ratso mutane, fuska a buɗe, babu jaket, yana haki.

"Innalillahi. Wa ya yi wa Baba haka? Ku ɗora min shi."

Ya goya shi har bakin titi. Mai burodi tana bin su tana cewa, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Irinku sun yi ƙaranci." Ni ina baya da littafi da filas ɗin shayi a hannu.

A asibiti aka yi masa ɗinki tara a ka, aka ɗaure hannun, aka ce haƙarƙari uku sun karye, ya kwanta a gani. Kwana ɗaya ya yi ya ce a mai da shi gida, wai a can ba a jin jirgi, mutum bai san ko ƙarfe nawa ba. Aka buga wa 'yarsa waya, malamar makaranta ce a wani gari mai nisa, ta ce tana tafe da ta sami wanda zai riƙe mata aji.

Ranar da abin ya faru, da na koma ɗakinmu na tarar da Inna tana wanke jaket ɗin a cikin bokiti. Ba a famfon tsakar gida ba, inda kowa ke wanki. A cikin ɗaki, da ruwan zafi.

"Rufe ƙofa, iska na shigowa."

Na rufe. Na tsaya ina kallon ruwan, ya yi ja-ja.

"Inna, Yaya ne ya..."

Da jiƙaƙƙen hannun ta mare ni, daidai inda Almakashi ya mara.

"Yaya ne ya me? Ya goya shi, kowa ya gani." Ta matse jaket ɗin kamar za ta yaga shi. "Ubanku ya mutu ya bar min ku biyu. Bakin nan naki shekara ashirin ina fama ya buɗe bai buɗe ba. Ba yau zai koya ba. Kin ji ni?"

Na ɗaga kai.

Washegari da rana mai shago ya fita kai kayan otal, ina guga ni kaɗai, Yaya ya shigo ya tura ƙofa da ƙafa. Idonsa na dama ya kumbura ya rufe, leɓensa ya fashe.

"Kin ga wannan? Saboda ke ne. Almakashi ya gano ke ƙanwata ce."

Na ci gaba da goge kwalar rigar da ke gabana. Ya ƙwace dutsen gugar, ya kama wuyan hannuna ya danne a kan tebur. Ina jin zafin ƙarfen tun bai taɓa ni ba.

"Me kika gani a kan gada?"

"Ban ga komai ba."

"Ban ji ba."

"Ban ga komai ba, Yaya."

Ya ɗora gefen dutsen a bayan hannuna. Bai daɗe ba, amma na ji ƙaurin fatata. Ban yi kuka ba, haƙorana na datse. Ya saki, ya ajiye dutsen a tsaye yadda ya ga ina yi, sai ya zauna a kan kwandon kaya ya dafe kai.

"Kyamara ce fa kawai, Auta. Me ya sa bai saki ba? Aka ce kawo, ya kawo mana. Ni ban ce ya faɗi ba, ƙanƙara ce." Ya share hanci da hannun riga. "In kika yi magana ba ni kaɗai mutumin nan zai yanka ba. Har ke, har Inna. Sa man goge baki a wurin, ba zai tashi ba."

Ɗakin Baba Mai Tuta babu inda ake ganin bango. Hotuna ne tun daga ƙasa har sama, kan jirgi da taragu, na mai, na siminti, na katako, kowanne da kwanan wata a ƙasansa. Ko mutum ɗaya babu a ciki, har direba ma sai dai inuwarsa a gilashi. Ni nake kai masa ruwan zafi in ba shi magani. Yaya kuma kullum da safe sai ya kawo gawayi ya hura masa murhu, Inna ce ta ce ya riƙa yi.

Rana ta biyu da dawowarsa, ina jiƙa masa leɓe, Yaya na tsugune yana fifita wuta.

"Rediyo, yau ma babu batir?"

Na yi murmushi. Ya so ya yi dariya, tari ya kama shi, ya tofa a tsumma. Jini ne, baƙi. Ya naɗe tsumman ya tura ƙarƙashin matashi don kada in gani.

"Me ya sami hannunki?"

"Dutsen guga."

"Ke da ba kya kuskure." Ya huta, numfashinsa na ƙara kamar ana jan buhu. "Ni dai ban ga kowa ba. Murya na ji, sai duka. Ke kina gefe. Kin ga wanda ya ture ni?"

Maficin Yaya ya tsaya.

"Ba don in kai ƙara ba," in ji Baba. "So nake in sani. Mutum ya san wanda ya yi masa abu, ko ya yafe ya san wa ya yafe wa."

Na kalli ƙasa. Takalman Yaya na bakin ƙofa, waɗanda ya taka shi da su.

"Ban gani ba, Baba. Sun rufe fuska."

"Ba komai. Laifina ne, ni na ce ki riƙa kallon lamba." Ya juya kai a hankali. "Kai, dogo. Ciro kwat ɗin nan a ƙusa."

Yaya ya tashi ya ciro.

"Sa mu gani."

"A'a, Baba, wallahi..."

"Sa mana. Kwana biyu ina ganinka babu jaket cikin sanyin nan. Kai ka ɗauko ni a bayanka, ni ba ni da ɗa namiji. Ya ɗan yage a baya, innarku ta kama maka."

Yaya ya sa. Ya yi masa daidai, sai dai hannuwan sun ɗan gaza.

"Ka ga mutum," in ji Baba. "Saura tuta."

Washegari bayan azahar ya rasu, kuma bai tafi da sauƙi ba. Ina ba shi ruwa da cokali sai ya zabura kamar an soke shi, ya damƙi hannuna daidai ƙunar. Jini ya ɓalle ta baki da hanci, ya jiƙe bargo. Ƙafafunsa suna dukan ƙarfen gado, kofin ya faɗi ya fashe. Na tallafo kansa don kada ya shaƙe, yana ta buɗe baki yana neman iska, idonsa a kaina. Na yi kira, amma muryata ba ta wuce ƙofa ba, sai da na ɗauki murfin tukunya na buga a bango mutanen gida suka shigo. Kafin su iso ya saki hannuna.

'Yarsa ta sauka a mota bayan awa ɗaya, da ledar lemo a hannu.

Da aka dawo daga kai shi, tsakar gida ta cika da mutane. Tsofaffin ma'aikatan jirgi sun zo su huɗu, suna zaune a jere hannuwa cikin aljihu. Malama, 'yar tasa, ba ta zauna ba. Tun da ta ga gadon bayan mahaifinta da aka tuɓe shi, ta ga shatin ƙarfe, ta fita. Ta dawo da 'yan sanda biyu.

Babban cikinsu mai furfura ne, ya cire hula ya yi gaisuwa, sannan ya ce, "Wace ce take tare da shi a kan gadar?"

Aka nuna ni. Ina tsugune wajen famfo ina ɗauraye kofuna.

Inna ta riga ni. "Ba ta ga komai ba, yallaɓai. Ba ta ma iya magana da mutane, tun tana ƙarama haka take. Ko ni sai na tambaye ta sau uku."

"Haka ne," in ji mai facin taya. "Rediyo ce marar batir, marigayi ma haka yake ce mata."

Wasu suka yi 'yar dariya, irin ta gidan rasuwa.

Malama ta zo ta tsuguna a gabana, har zanenta na taɓa ruwa. "Ƙanwata, a waya kullum sai ya ba ni labarinki. Ya ce ba ki taɓa rubuta masa lamba ba daidai ba. Ko kalar riga, ko tsawo, duk abin da kika gani."

Yaya yana ɗaya gefen yana jera wa baƙi kujeru. Kwat ɗin na jikinsa. Ya juya baya ya sunkuya zai ɗauki kujera, sai na ga wurin da ƙarfe ya yaga, tsakanin kafaɗu. Inna ta ɗinke shi tsaf, ƙanana-ƙananan ɗinki, irin wanda take yi wa kayan fita. Ɗaya daga cikin tsofaffin ma'aikatan ya shafa hannun kwat ɗin ya ce, "Ya san wanda ya bar wa."

Na ajiye kofin.

"Yayana ne."

"Me ta ce?" in ji ɗan sandan.

"Ba ta ce komai ba," in ji Inna. "Tashi ki shiga ɗaki."

Na miƙe tsaye. Na riƙe kan famfo, ƙarfen ya yi sanyi har yana cizo.

"Almakashi ne ya buge shi a baya. Yayana ne ya taka masa hannu, ya shure shi sau biyu ya faɗa matakala. Ga shi can. Jaket ɗin da ya sa yana ƙarƙashin katifar Inna." Na ɗaga bayan hannuna. "Wannan ma shi ne."

Ban taɓa jin muryata a tsakar gidan nan ba. Ashe tana kaiwa har ƙofar waje.

Kujerar da ke hannunsa Yaya ya jefo. Ta sami mai faci a kafaɗa, shi kuma ya tsallake ta ya iso kaina kafin kowa ya motsa. Naushi ɗaya ya yi min a baki, na ji haƙori ya motsa, bayan kaina ya daki bango. Ya shaƙe ni da hannu biyu yana cewa, "Ni na ce a ƙyale ki. Ni na ce a ƙyale ki." Ƙaramin ɗan sandan ya sauke masa kulki a ka, bai saki ba, ya ƙara, ya ƙara, sai da jini ya rufe masa ido sannan yatsunsa suka buɗe. Suka kayar da shi a kan jiƙaƙƙen siminti, suka murɗe hannuwansa baya, ɗaya ya danne masa wuya da gwiwa. Inna ta faɗa a kansu tana yakushi tana cizo, aka ture ta ta bugi bokiti. Tsofaffin nan huɗu suka taso, suka tuɓe masa kwat ɗin ta ƙarfi kafin a sa masa ankwa, maɓalli biyu suka tsinke.

Da ake jan shi a ƙasa zuwa ƙofa, ba ni ya zaga ba. "Inna," yake cewa. "Inna."

Inna ta bi motar 'yan sandan da gudu babu takalmi.

Malama ce ta kai ni ɗakinmu ta kwantar da ni. Ta ce ba a kama Almakashi ba tukuna, gidan nan ba wurin zamana ba ne yanzu, gobe da safe za ta koma, akwai ɗaki a wurinta. Leɓena ya kumbura ya rufe bakin.

Rana ta kusa faɗuwa Inna ta dawo. Ƙafafunta sun tsage, sun yi jini. Ba ta kalle ni ba. Ta jawo jakar tafiya daga saman kwaba, ta shiga zuba kayana, riguna, zannuwa, takalmina na fita, har buroshin haƙori. Ta zuge ta ajiye a bakin ƙofa.

"Gobe ki bi malamar nan. Ba zan iya kallonki ba, kuma ba zan iya binne ki ba."

Ta fita. Na ji tana hura wuta a waje, ta daɗe. Sai ta shigo da ƙaramin kwano, ruwan ɗumi da gishiri, da tsumma mai tsabta a ninke a gefe. Ta ajiye a ƙasa kusa da kaina, ta hau gadonta ta juya wa ɗakin baya.

Ban taɓa kwanon ba. Ina kwance ina kallon tururin yana tashi siriri cikin sanyin ɗakin, yana raguwa, har ya daina.